Ledar da Haladu Ya Kwance

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da karatun sakandare ke ƙarewa a aji biyar. Sunansa Malam Sallau. Kada ku ji na ce malam ku ɗauka alli yake riƙewa. Lebura ne, shi ke kula da lambun wata makarantar kwana ta maza. Shekara tara yana wannan aiki a matsayin ɗan wucin gadi, ba a tabbatar da shi ba.

To, ku saurara. A makarantar nan akwai wata al'ada: duk yaron da ya yi laifi, lambu ake tura shi. Ka makara, lambu. Ka yi faɗa, lambu. Ka tsallake katanga ka je cin kasuwa, lambu. Har yara suka raɗa wa wurin suna gidan yari. Shi kuwa Malam Sallau, in an kawo masa mai laifi, ba ya tsayawa a kansa da bulala. Fartanya biyu yake ɗaukowa, ya miƙa wa yaro ɗaya, ya riƙe ɗaya, su kama kunya kusa da juna. Ba ya tambayar me ka yi. In rana ta take ya ce a je inuwa a sha ruwa.

Cikin masu yawan zuwa lambun akwai wani ɗan aji biyar, Haladu, ɗan wani maƙeri daga ƙauye. Shi ne na farko a gidansu da ya taka sakandare. Yaro ne mai kai, amma zuciyarsa a kusa take, kafin ka rufe baki ya kai maka hannu. Sau biyu ana rubuta masa gargaɗi saboda faɗa, kuma dokar makaranta ta ce na uku kora ce. Saura wata uku jarrabawar fita, aka yanke masa horon mako guda a lambu saboda faɗan nan na biyu.

A lokacin Malam Sallau yana da wani aiki da ya sa ransa a kai. Ya reni ƙananan itatuwan mangwaro guda arba'in, ya yi musu aure. Ku samarin da ke murmushi a baya, ba irin wanda kuke jira ba ne. Auren mangwaro shi ne a tsaga kan ƙaramin icce, a cusa reshen iri mai kyau, a naɗe wurin tam da leda, a bar shi makonni har su haɗe. In aka kwance kafin lokaci, reshen ya bushe. Shugaban makaranta ya yi masa alkawari cewa za a kai itatuwan nan baje kolin amfanin gona, in suka fitar da makaranta kunya zai rubuta a tabbatar da shi a aiki.

Kwana biyar Haladu yana noma kafaɗa da kafaɗa da dattijon nan, har ya fara sakin jiki. A rana ta shida aka aiko wa Malam Sallau cewa yayansa ya rasu a ƙauye. Da zai tafi ya ce, "Haladu, ga lambu nan amana. Ka yi ban ruwa, ka cire ciyawa."

Jama'a, tun da yaron nan ya shigo makarantar, wannan ne karo na farko da wani ya ce masa ga amana. Sai ya ƙudurta zai yi aikin da Baba zai dawo ya ji daɗi. Ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa. Da ya iso wurin mangwaron ya ga leda ta shaƙe wuyan kowane icce, har gumi ya taru a ciki, sai tausayi ya kama shi. Ya zauna ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, duka arba'in ɗin. Ranar bazara ta yi kwana biyu tana dukansu. Kafin Malam Sallau ya dawo, rassan sun bushe sun zube.

Aka tara kwamitin ladabtarwa. Shugaban makaranta ya ce, "Wannan ramuwa ce. An ba shi horo, ya huce a kan itatuwa."

Haladu ya ce, "Wallahi Malam, gyara na yi niyya."

Babu wanda ya yarda. Kun san halinmu, wanda ya yi ƙaurin suna ko gaskiya ya faɗa ƙarya ake ji.

Shugaba ya juya ga Malam Sallau ya ce, "Baba, kai ba ruwanka. Ka shaida mana cewa ɓarna ya yi maka da gangan, mu sallame shi yau. Ni kuma zan rubuta cewa aikinka ya yi kyau, wani ne ya lalata. Maganarka tana nan yadda muka yi."

Ku tsaya nan ku auna. Mutum ya dawo daga binne ɗan'uwansa, ya tarar da wahalarsa ta tashi a banza. Ga abin da ya jira shekara tara an miƙo masa, abin da ake nema kawai ya ce e. Kuma ko ya ce e, wa zai kira shi maƙaryaci? Ai yaron ne ya kwance ledar. Ni da nake muku wa'azin nan, in aka sa ni a wurin, ban san abin da bakina zai furta ba.

Malam Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a taka zuwa lambu tukuna."

Suka bi shi. Ya ɗaga wani dutse a gindin katanga, sai ga ledoji a ninke, an jera su kan juna don kada iska ta kwashe. Ya nuna musu gindin itatuwan, kowanne an share masa ciyawa, an yi masa ɗan zagayen ƙasa don ruwa ya zauna.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɓarna ba ya ninke leda. Mai ɓarna ba ya ban ruwa. Yaron nan shi ya kwance, ba zan ce ba shi ba ne. Amma shekara tara kuna turo mini yara, ban taɓa nuna wa ko ɗaya yadda ake auren icce ba, ciyawa kawai nake sa su cira. Na bar masa amana ban gaya masa abin da ba a taɓawa ba. In akwai sakaci, nawa ne."

Shugaba ya ce, "Ka san abin da wannan magana za ta jawo maka?"

Ya ce, "Na sani. Amma icce ana sake masa aure baɗi. Yaron nan in kuka kore shi, baɗin wa zai jira?"

Haladu, wanda bulala ba ta taɓa sa shi hawaye ba, ya durƙusa yana kuka.

Ba a kore shi ba. Kuma kada in yi muku daɗin baki: ba a je baje koli ba a shekarar, ba a rubuta takarda ba, Malam Sallau ya ƙara shekara biyu yana ɗan wucin gadi. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba. Amma shugaban, da yake mutum ne mai jin magana, ya soke tura masu laifi lambu. Ya ware wa kowane aji yammaci guda a mako, su je su koyi dashe da aure da haƙurin jiran abin da aka shuka. Haladu kuwa, ranar da wani ya tsokane shi a ɗakin cin abinci ya kira shi likitan mangwaro, kowa ya ja da baya yana jiran naushi. Sai yaron ya yi dariya ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya zauna jarrabawarsa, ya ci.

To, 'yan'uwa, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: makaranta ba wurin cika kai da karatu kaɗai ba ce, wurin gyaran hali ce, kuma hali ba ya gyaruwa sai an sami babban da zai faɗi gaskiya a kan yaro ko da shi zai yi asara. Mu iyaye, in yaro ya dawo hutu tambayarmu ɗaya ce: na nawa ka zo? Wa ya taɓa tambayar ɗansa wane babba ne a makarantarku ya yarda da kai? Ku malamai da ke cikinmu, akwai Haladu a ajin kowannenku, kun ma san sunansa. Kafin ku sa hannu a takardar korarsa, ku tashi ku je ku duba abin da ya aikata da idonku, ku tambaye shi abin da ya nufa. Kuma a gida, kada ka hukunta ɗanka a kan abin da ba ka taɓa zama ka koya masa ba.

Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da masu tsaya musu a ranar da kowa ya juya baya, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tsaya wa na wasu.