Hanci da Ganyen Kaka

Akwai wani mai gyaran wuta da abokan aikinsa suke kira Hanci, kuma labarinsa na kawo muku yau, 'yan wannan shafi. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Duk gidan da aka kira shi gyara, kafin ya sauke jakar kayan aiki ya riga ya faɗa wa abokin tafiyarsa abin da ke kan wuta, har da ko an bar albasa ta ƙone.

Kamfanin da yake wa aiki ya mayar da shi wani babban birni mai nisa da garinsu. Ya kama haya a hawa na biyu na wani bene, ɗaki da falo da kicin da 'yar baranda, sannan ya ɗauko matarsa Auta.

Tun makon farko Hanci ya yanke hukunci cewa mutanen birnin ba su iya girki ba. Yakan ce gishiri suke dafawa, sai su ɗan yayyafa abinci a kai. A wurin aiki ya faɗa, a cikin mota ya faɗa, har a gaban masu sayar da abincin ma bai fasa ba.

A hawan da ke samansu akwai wani tsoho, direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, haifaffen birnin, kuma shi kaɗai yake zaune. Ya cika barandarsa da tsofaffin bokitan fenti da ya yi shuka a ciki. Kowace safiya idan ya yi ban ruwa, sai ruwan ya biyo gindin bokitan ya ɗiga a kan shanyar Auta.

Ranar da jan ruwan ƙasa ya ɓata wa Hanci rigar aikinsa, sai ya leƙa daga baranda ya ɗaga murya ya wanke tsohon tas. Ya ce masa idan noma yake sha'awa ya nemi gona, nan gidan mutane ne. Tsohon ya ba da haƙuri, ya ce zai nemi abin tare ruwan. Hanci bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya wuce wurin mai gidan hayar ya kai ƙara. Mai gida dama ya daɗe yana ƙorafin bangonsa na jiƙewa, don haka ya ba tsohon zuwa ƙarshen wata ya kwashe shukarsa.

Ana cikin haka Auta ta samu ciki, laulayi kuma ya zo mata da ƙarfi. Duk abin da ta ci sai ya dawo. Hanci ya sayo nama, ya sayo 'ya'yan itace, ya sayo madara, babu wanda ya zauna. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa da kansa. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, likita ya ja Hanci gefe ya ce masa idan ba ta fara cin abinci ba, zai kwantar da ita, domin abin da ke cikinta ma yana jin jiki.

Abu ɗaya kawai Auta take ambato, miyar da kakarta take yi mata tana ƙarama, da wani ganye mai ɗan tsami da ke fitowa a bayan gidansu. Hanci ya tambaye ta sunan ganyen, ta ce ganyen Kaka. Ya ce ainihin sunansa yake nufi. Ta ce ita dai tun da ta tashi haka kowa yake kiransa a gidan.

Ya kira surukarsa a waya. Ta yi dariya, ita ma ta ce ganyen Kaka ne mana. Kaka ta rasu da daɗewa, bayan gidan kuma an zuba siminti an gina shaguna. Kafin ta ajiye wayar ta ƙara da cewa idan abin ya gagara, ya sako mata 'yarta a mota, ita ta san yadda za ta yi da ita.

Hanci ya shiga kasuwanni yana neman ganyen da bai san sunansa ba, bai kuma taɓa ganinsa ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne kwatancen Auta: ƙanana ne, bakinsu kamar haƙoran zarto, bayansu da ɗan ja, idan an murza sai ƙamshin ya tsaya a yatsa. Masu ganye suka yi ta miƙo masa iri-iri, yana kai wa Auta, tana shinshinawa tana kawar da kai. Wata mai ganye ta ce masa ya koma ya tambayo sunan kakar, wataƙila ita sun san ta.

Wata ranar hutu da hantsi, Auta tana kwance a falo, sai ta tashi zaune.

"Wani yana dafa miyar Kaka a gidan nan," ta ce.

Hanci ya buɗe taga. Shi ma ya ji. Ƙamshi ne da bai taɓa ji ba a duk gidajen da ya shiga gyara, mai ɗan tsami, mai tsinka yawu. Ya zura takalmi ya fita, amma kafin ya kai matakala iska ta juya, ƙamshin ya ɓace.

Daga ranar ya zama ɗan bincike. Ya je wurin mai abincin da ke bakin layi ya ce ta buɗe masa tukwanenta, ta tambaye shi ko shi ne sabon jami'in duba-gari. Ya rataya jakarsa ya bi ƙofofin benen yana cewa ya zo duba wayoyin wuta kyauta, kuma kowane gida daga kicin yake farawa. Ya gyara soket a gidan malamar makaranta, ya canza ƙwan fitila a gidan tela, ya ci abincin da bai so ba a gidan wani ɗan kasuwa. Bai samu komai ba.

Ƙofa ɗaya ce bai ƙwanƙwasa ba. Auta ta tambaye shi ko ya gwada gidan tsohon sama. Ya ce me zai kai shi? Namiji ne shi kaɗai, ɗan birnin nan kuma, mutanen da ko ruwan zafi sai sun sa masa gishiri. A ransa kuwa ya san ba wannan ne kaɗai dalilin ba.

Ƙarshen wata ya zo. Suna dawowa daga awon ciki, Hanci yana riƙe da Auta suna hawa a hankali, sai suka ci karo da wani mai baro yana saukowa da bokitan shuka biyu a hannu. Suka raɓe jikin bango don ya wuce. Wani reshe ya gogi hannun Auta. Ta tsaya, ta tsinki ganye ɗaya, ta juya bayansa, ta murza, ta kai hanci. Sai hawaye.

Hanci ya tambayi mai baron ina zai kai su. Ya ce bola, kuma wannan ne sawu na ƙarshe, sauran motar shara ta riga ta kwashe.

Hanci ya karɓi bokitan da hannunsa. Ya raka Auta ɗaki, sannan ya hau sama da su. Bai taɓa sanin matakalar hawa ɗaya tana da tsawo haka ba.

Tsohon ya buɗe ƙofa, ya dubi Hanci, ya dubi bokitan. Ya tambaya ko su ma sun ɗiga a kan wani ne a hanya.

Hanci ya ajiye su ya durƙusa. Ya faɗi halin da matarsa take ciki, da yawon da ya sha a kasuwanni, da ƙofofin da ya bi. Sannan ya ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a gaban maƙwabta, na sa an zubar maka da abin da ban san darajarsa ba. Ko ba ka ba ni ganyen ba, ka yafe mini."

Tsohon bai ce ya tashi ba sai da ya ɗan jima. Ya ce marigayiya matarsa 'yar yankin su Auta ce. Ita ta zo da irin a ƙulle a bakin zani lokacin da aka kawo ta, kuma duk tashar da aka mayar da shi aiki, da bokitanta suke tafiya. Tun da ta rasu shi yake ba su ruwa.

"Kai ban gama hucewa da kai ba," in ji shi. "Amma yarinyar ba ta yi mini komai ba. Je ka ce mata ta ba ni zuwa azahar."

Kafin azahar Hanci ya je wurin mai gida ya janye ƙararsa, ya yi alkawarin shi zai sa wa barandar tsohon tiren tare ruwa da bututu yadda ko ɗigo ba zai taɓa bango ba. Da ya dawo ya tarar da tsohon a falonsu da 'yar tukunya a nannaɗe da tawul.

Auta ta ɗebi cokali ɗaya. Hanci ya riƙe roba a kusa, yana jiran abin da ya saba gani. Ta ƙara na biyu. Ta ci rabin kwano, ta jingina da kujera, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Aka jira, abinci ya zauna.

Tsohon ya tambaye ta ko miyar ta yi daidai da ta kakarta. Auta ta sunkuyar da kai, ta ce ta yi daɗi ƙwarai. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Sai ta ce ta kusa, amma kamar ganyen ya daɗe a wuta. Kaka sai ta sauke tukunya take zuba shi, ta rufe, ta bar tururi ya ƙarasa aikin.

Tsohon ya ce shekara da shekaru yana dafa miyar nan, kullum yana jin akwai abin da ya rage, ya canza mai, ya canza tukunya, bai gano ba. Lokacin da matar tana raye bai taɓa tsayawa ya kalli yadda take yi ba, shi dai a kawo ya ci.

Bayan 'yan kwanaki, da ƙarfin Auta ya fara dawowa, ta ce a tsinko mata ganyen. Ta shiga kicin da kanta ta dafa, ta zuba a kwano, Hanci ya hau da shi sama.

Tsohon ya zauna a bakin gado ya kai loma ɗaya. Ya daɗe bai haɗiye ba. Hanci ya ga idanunsa sun kaɗa, sai ya juya yana duba wani soket da babu abin da ya same shi.

"Ita ce," tsohon ya ce a hankali. "Ɗana, zauna mu ci. Wannan miya mutum ba ya cin ta shi kaɗai."

Hanci ya wanke hannu ya zauna.

Darasi: Kada ɓacin ran safiya ɗaya ya sa ka rushe abin da ba ka tambayi tarihinsa ba, kuma kada ka raina mutanen garin da ka sauka, domin abin da kake yawon nema yana iya kasancewa a hannun maƙwabcin da ka ɓata wa rai. Idan ka yi kuskure, ka taka da ƙafarka ka nemi gafara tun da sauran abin da za a ceto. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda aiki ko aure ya kai su baƙon gari.