Maraƙin Ardo Giɗaɗo da Labarin Inna Dudu

Masu ba da labari sun ce a kan tsaunin Mambila, wata shekara da sanyi ya kai raɓa na daskarewa a ciyawa, saniyar Ardo Giɗaɗo ta haihu da asuba. Aka tarar maraƙin ya sandare, kunnuwansa kamar busasshen ganye. Ardo ya ce a hura wuta a kara shi.

Wata balbela da ta tsufa cikin garken ta ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, lulluɓe shi tukuna, ka ji abin da Jauro Manga ya yi."

Ardo ya lulluɓe shi, ya ce, "Me ya yi?"

Balbela ta ce, "Jauro Manga ya taɓa samun maraƙi haka. Wata tsohuwa mai tatsa, Inna Dudu, ta ce masa, 'Jauro, a goge shi da tsumma, a kai shi ɗaki, a ɗura masa dakashi, nonon farko na uwarsa. Kunnuwan kada a murza, a sa musu ruwa mai ɗan ɗumi. Ji abin da ya sami mijina.

"'Marigayi Sambo mutum ne mai gaggawa. Ya tsoma ƙafafun maraƙinmu a ruwan zafi. Naman da sanyi ya kama ba ya jin ƙuna, maraƙin bai ko motsa ba. Kwana huɗu kofatan suka zube, da hannunsa ya yanka shi yana hawaye. Sauri kan haifi nawa, Jauro.'

"Jauro ya ce, 'Yaushe mai tatsa ta zama likitar shanu?' Ya kara maraƙin da wuta, ya murje kunnuwan. Fata ta saɓule, kafin azahar ya mutu. Jauro ya ce bakin tsohuwa ne ya ci shi. Ya kore ta daga ruga cikin wannan sanyi, aka tsinci gawarta a hanyar Gembu. Gaskiya ɗaci gare ta, Ardo, mai faɗinta ake fara jifa."

Ardo ya ce a bar wutar. Ya ɗauki maraƙin zuwa ɗakinsa, ya yi yadda tsohuwar ta ce. Da hantsi maraƙin ya miƙe yana layi, ya nemi nono.

Ardo ya ce, "Jauro ya yi nadama kuwa?"

Balbela ta ce, "Ina! Garkensa ya ninka, har ya mutu yana kiranta mayya."

Ardo ya ce, "Na karɓi maganarki. Allah ya jiƙan Inna Dudu."