Kunnen Datti na Hagu

Akwai wani ɗalibi mai suna Kawu, ɗan garin Gaya, da ya yi karatu a wata kwalejin kwana da ke yankin a wajen 1976. Dogo ne ƙaƙƙarfa, ga iya magana. In ya miƙe yana Turanci har malamai sukan tsaya su saurara. Amma yana da saurin hannu. Ƙananan ɗalibai in sun hango shi sai su sake hanya.

A shekararsu ta ƙarshe makarantar ta shirya gasar gabatar da sana'a. Malam Gwadabe, mai koyar da darasin kasuwanci, ya tara su ya faɗa musu dokoki.

Kowace ƙungiya mutum uku ce, kuma shi zai haɗa su. Za su zaɓi sana'a guda, su yi wa alƙalai bayanin yadda za a fara ta, inda za a samo kaya, da wanda zai saya. Dole a kawo samfurin kayan a gani da ido. Dole kowa ya yi magana da bakinsa. Ba a canza mutum, sai dai in wani ya zo da ƙafarsa ya ce ya janye, sauran biyun su ci gaba. Waɗanda suka zo na ɗaya su za su wakilci makarantar a Kano.

Aka haɗa Kawu da Barau, wani mai sanyin hali daga Kademi, da kuma Datti, ɗan wani ƙauye a ƙasar Ajingi.

Gidan su Datti masu ɗaura amya ne, zuma suke sayarwa tun kakanni. Shi ya kawo shawarar a riƙa tace zuma da kyau, a ɗura a kwalabe masu tsabta, a kai kantunan birni maimakon a tallata ta a ƙwarya ranar kasuwa. Kawu ya ji daɗin shawarar ƙwarai. Abin da bai ji daɗinsa ba shi ne Datti yana da in'ina.

Kullum bayan la'asar sukan shiga wani aji su gwada. Kawu ya zuba nasa kamar ruwa, Barau ya bi a hankali. In aka zo kan Datti sai magana ta maƙale.

Ran nan yana tsaye yana fama da kalma ɗaya, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai Kawu ya taso ya kwaɗa masa mari. Datti ya faɗa kan benci, leɓensa ya fashe.

"Haba Kawu!" in ji Barau.

"Rufe min baki, ko kai ma ka samu naka!" Ya juya kan Datti. "Gobe ka je wurin Malam ka ce ka janye. Ba za ka kunyata ni a gaban alƙalai ba."

Datti ya goge jinin da hannun rigarsa. "Ba-ba-ba zan janye ba. Sa-sana'ar gidanmu ce."

Bai kai ƙara ba. Washegari ya dawo ajin da kumburarren leɓe, ya ci gaba da gwaji. Kawu ya shaƙe shi ya buga kansa da allo. Wata rana ya murɗe masa hannu har ya durƙusa. Barau yana gani, tsoro ya hana shi faɗa wa kowa. Shi kuwa Datti da zarar an sake shi sai ya miƙe ya ɗora daga inda ya tsaya.

Da gasa ta matso, Datti ya nemi izini ranar Asabar ya tafi gida ɗauko zumar da za a nuna. Kawu ya ari keke ya bi bayansa. A ransa ya ƙudurta cewa in Datti ya kwanta jinya, dole ya janye.

Ya laɓe a bayan wata tsamiya kusa da ƙauyen. Da hantsi sai ga Datti ya fito da kwalaben zuma a cikin kwando a ka. Kawu ya tare hanya da sanda a hannu.

"Na tambaye ka na ƙarshe. Za ka janye?"

Datti ya girgiza kai.

Kawu ya kai wa kwandon duka, kwalabe suka tarwatse, zuma ta malale a ƙasa. Ya sake ɗaga sandar. Datti ya kare kansa da hannu, sai ji kake ƙas, ƙashin ya karye. Ya faɗi yana ihu, Kawu ya bi shi da shuri a ciki da haƙarƙari.

Lokacin girbin dawa ne, gonaki cike suke da mutane. Wata mata ta kurma ihu. Kafin Kawu ya hau kekensa maza sun fito daga cikin karan dawa ta ko'ina. A gabansu akwai Ɗantani, yayan Datti, riƙe da ƙotar gatari.

Kawu ya yar da keken ya ruga. Wani ya jefe shi da dutse a gwiwa, ya kifa. Suka rufar masa. Wannan ya kai sanda, wancan ya kai ƙafa. Haƙoransa biyu suka zube, jini ya rufe masa ido. Bakin nan mai Turanci ba abin da yake fitarwa sai, "Ku yi min rai! Don Allah ku yi min rai!"

"Kai ka yi wa ƙanena rai?" in ji Ɗantani. "Ku matsa ku ba ni wuri!"

Datti ya taso da ƙyar, karyayyen hannunsa na lilo. Yana so ya ce Yaya bari, amma kalmar ta ƙi fita. Ya buɗe baki, ya sake buɗewa, babu komai. Ya ga ƙotar ta tashi sama ta nufi kan Kawu.

Sai kawai ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa.

Ɗantani bai iya tsayar da hannunsa ba. Dukan ya sauka a gefen kan Datti na hagu. Jini ya ɓalle ta kunnensa.

Ɗantani ya saki ƙotar ya durƙusa yana salati, yana kiran sunan ƙanensa. Ba wanda ya ƙara taɓa Kawu. A amalanke ɗaya aka ɗora su biyun aka nufi asibiti.

Da labari ya kai makaranta, Barau ya je gaban shugaban makaranta ya faɗi duk abin da ya riƙa gani a aji. Aka kori Kawu, saura 'yan watanni ya yi jarrabawar fita. Malam Gwadabe ya je duba Datti ya ce masa in yana so ya huta, ba wanda zai ga laifinsa.

"Ma-Malam, na riga na sha wuyarta. Zan yi."

Ranar gasa ya tsaya gaban alƙalai da hannu a ɗaure, kai a naɗe da bandeji. Ɗantani ne ya kawo wata zumar da kansa. Datti ya yi ta maƙalewa, amma ba wanda ya yi dariya, ya kai bayaninsa har ƙarshe. Ba su zo na ɗaya ba, na biyu suka zo. Sai dai ɗaya daga cikin alƙalan, wani mai kanti a Kano, ya ɗanɗana zumar ya ce duk wadda gidansu suka tace a kawo masa. Daga nan kasuwar gidan ta buɗe.

Kawu kuwa ya daɗe a kwance. Gwiwar ba ta koma daidai ba, ya tashi yana ɗingishi. Da ya samu sauƙi mahaifinsa ya sa shi gaba har ƙauyen su Datti, ya ce, "Ka je ka dubi idon wanda ya fanshi ranka."

Suka tarar da Datti a zaure yana wanke kwalabe da hannu ɗaya. Ya gaida dattijon, ya shimfiɗa musu tabarma. Kawu ya zauna a gefensa na hagu, ya kasa ɗaga kai. Can ya ce a hankali, "Datti, ka yafe min. Me ya sa ka tare min dukan nan bayan abin da na yi maka?"

Datti bai juyo ba, ya ci gaba da wankinsa. Kawu ya ɗauka fushi ne, ya sake faɗa.

Sai Datti ya lura da motsin bakinsa. Ya yi murmushi ya nuna ɗaya gefen tabarmar.

"Za-zagayo ta nan, Kawu. Wannan kunnen ya daina ji."

Kawu ya dafa ƙasa zai tashi, ya kasa. Ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kuka a gaban mahaifinsa.

Darasi: Iya magana da ƙarfin jiki baiwa ce daga Allah, ba izinin taka na ƙasa da kai ba ne. Kawu ya so ya ci gasa ta hanyar karya abokin tafiyarsa, sai ya rasa gasar, ya rasa karatun, ya rasa lafiyar ƙafarsa, kuma wanda ya raina shi ya tsaya tsakaninsa da mutuwa. In an haɗa ka aiki da wanda bai kai ka ba, ka taimake shi ya kai, kada ka ture shi. Jama'a, ku tura wa ɗalibai da iyaye wannan labari, wataƙila ya sa wani ya sauke hannun da ya ɗaga.