Sunan da Tabawa ta Kira a Bakin Gulbi

An ce wai a wani gari na gabas an yi wata tsohuwa makauniya mai suna Tabawa, wadda ta karɓi ɗan da ba nata ba, ta ciyar da shi wata bakwai cur.

Ga yadda abin ya faru. Ɗanta na fari, Haladu, tun yana ƙarami ba shi da zance sai na Gwanja, ƙasar goro. Yana da shekara goma sha biyu ya bi fatake, ba a sake jin ɗuriyarsa ba har shekara talatin. A can ya yi aboki mai suna Bawa, tsagar fuskarsu iri ɗaya. Kullum aka sauke kaya a zango, Haladu ba ya gajiya da ba shi labarin gida.

Da suka juyo, ciwo ya kwantar da Haladu a hanya. Bawa ya ɗauka ba zai tashi ba, ya wuce gidan Tabawa ya ce shi ne Haladu. Ya faɗa mata tsamiyar da ke bayan ɗaki, da akuyar da ta cinye masa allo. Tsohuwa ta shafa fuskarsa, ta ba shi ɗaki da gona.

Sai ga Haladu ya iso, a rame. Aka tafi gaban Alƙali Mudi. Duk abin da aka tambaya na ƙuruciya, amsarsu ɗaya. Tabawa ta ce, "Malam, idona ya tafi, muryar yaro kuma ta zama ta ƙato. Kada a raba ni da nawa sau biyu."

Alƙali ya ce, "Labarin da mutum ke bayarwa a zango, duk mai kunne yana iya ɗauka. Ni wanda ba a bayarwa nake nema." Ya dubi Bawa. "Mahaifiyarka ta taɓa kama sunanka?"

Bawa ya yi murmushi. "Allah ya gafarta Malam, ni ɗan fari ne. Wace uwa ce mai kunya za ta kama sunan ɗan farinta? 'Kai yaro' take ce mini, har na bar garin nan."

Jama'a suka gyaɗa kai, don haka al'ada take.

Alƙali ya juya ga ɗayan. "Kai fa?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Malam, a yi mini wata tambayar."

"Wannan na yi."

"To, ta taɓa. Ran da zan tafi, mun haye gulbi, na jiwo ta daga wancan ƙetare tana kiran Haladu, har sau uku. Na ji sarai, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan ga Gwanja ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Abin kunya ne gare ta, gare ni kuma ya fi."

Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki aka ji ta ce, "Sau biyu ne. Kai yaro, har yanzu ba ka daina ƙari a magana ba?"

Zauren ya ɗauki dariya, har da Alƙali. Ya ce, "Iya, ɗauki ɗanki ku tafi. Kai kuma Bawa, ka ci tuwon tsohuwa wata bakwai da sunan wani. Za ka nome mata gona damina guda da sunanka."

Haladu ya zauna a gida, bai ƙara haye gulbi ba. Da yamma yakan zauna gindin tsamiya yana ba uwarsa labarin Gwanja, ita kuma tana cewa rabi ƙarya ne.

Ni abin da na gane, ɗan gida ba a gane shi da abin da yake faɗa a kan gidansu, sai da abin da yake rufa wa gidan. Bawa ya yi nomansa ya bar gari. Tabawa ce ta biya da tsada, don har ta koma ga Allah, matan unguwa in sun shigo gaishe ta sai sun ce, "Iya, yau sau nawa aka kira?"