Ƙaramin Batirin Yayar Girgiza

Akwai wani makaɗin jitar bes da kowa ke kira Girgiza, kuma sunan bai zo a banza ba. Bes ita ce jitar nan mai kaurin murya wadda mutum ke ji har cikin ƙirjinsa. In Girgiza ya ja wayarta ta ƙasa, sai ka ji gilashin taga yana kakkarwa. Gwani ne, wannan kam ba zan rage masa komai ba. Matsalarsa ɗaya ce, ya san shi gwani ne, kuma ya sani har ya wuce kima.

Yana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta gaji shagon gyaran sifika na marigayi babansu. Ɗan ƙaramin shago ne a bayan layin masu sayar da kayan wuta, cike da akwatunan sifika da aka farke, ga warin gam, ga hayaƙin dalma. Ita ta riƙe Girgiza bayan rasuwar babansu. Akwatin sifikar da ya yi shekara takwas yana kiɗa da shi ma ita ta haɗa masa da hannunta.

To, sai ga dama ta faɗo. An buɗe wani sabon zauren taro, ƙato, manajan kuma yana neman ƙungiyar makaɗa guda ɗaya da za ta riƙa kiɗa a can har shekara. Ƙungiya shida za a gwada ranar Asabar da rana, kowacce waƙa uku.

Mawaƙinsu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar, ya tara su ya faɗa musu gaskiya. Shekara biyar suna yawon kiɗa a ƙananan wurare, kowa ya gaji, mai ganga har ya fara zancen komawa tuƙin mota. In suka sami zauren nan, ƙungiya ta tsaya da ƙafarta. In suka rasa, kowa ya kama gabansa.

Girgiza bai yi wata-wata ba, ya sayar da babur ɗinsa ya sayo sabbin akwatunan sifika biyu, kowanne ya kusa kai masa ƙirji. Ya haɗa da sabon amfilifaya, wato injin da ke ba sifika ƙarfi, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama. Jama'a, ku ga rawar kai! Hoto ta gaba, hoto ta gefe, har goge ƙurar da babu ita yake yi da hannun riga. Tsohon akwatin Yaya kuwa ya tura shi bayan ƙofa ya ɗora masa takalma.

Wayar akwati na biyu ta zo gajera, sai ya yanko wata ya ƙara da kansa, ya naɗe mahaɗin da baƙin tef. Wayar da ya ƙara ɗin silinta biyu duk kala ɗaya ne, amma bai damu ba. Ɗakinsa ƙarami ne, maƙwabciyarsa kuma tana da jariri, don haka ɗaya bayan ɗaya ya gwada akwatunan. Ya jona na farko, ya ji gurnani har cikin ƙashinsa. Ya cire ya jona na biyu, shi ma haka. Bai taɓa jona su tare ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar Alhamis Yaya ta rufe shago ta zo ganin kaya. Ta yi murna sosai, ta zagaya su tana shafa katakon, ta yaba haɗin. Sai idonta ya faɗa kan baƙin tef ɗin nan. Ta zura hannu a aljihun rigar aikinta ta fito da wani ƙaramin batiri mai kusurwa huɗu, wanda ba ta rabuwa da shi.

Ta ce, "Auta, bari in ɗora musu batiri. Minti biyu ne."

Girgiza ya kwashe da dariya. Ya ce, "Yaya, waɗannan fa ba tarkacen shagonki ba ne. Ki bar batirinki a aljihu kafin ki shafa musu gam."

Ta tuna masa cewa Baba bai taɓa barin akwati biyu su fita shago ba tare da ya yi musu wannan gwajin ba. Ya ce zamanin Baba daban, yanzu kayan waje ake magana. Ta mayar da batirinta aljihu, ta yi masa fatan alheri, ta tafi.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil, don kowace ƙungiya ta gayyato mutanenta. Yaya ta zo kai tsaye daga shago, da rigar aikinta mai tabon gam, ta biyo ta bayan dandamali don ta gaisa da ƙaninta. Manaja yana tsaye da takarda a hannu, ya dube ta ya tambayi Girgiza ko tare suke.

Wallahi har yanzu in na zo nan wurin raina ɓaci yake yi. Girgiza ya dubi rigarta, ya dubi takalmin manaja mai sheƙi, ya ce wata mai gyara ce ta layinsu, kallo kawai ta zo.

Ta ji shi sarai. Ta juya ta je can layin baya ta sami kujera ta zauna.

Su ne na huɗu. Aka gunguro akwatunan nan biyu aka jera su kafaɗa da kafaɗa, mutane har suna miƙa wuya suna nunawa. Girgiza ya rataya jitarsa yana taku ɗai-ɗai. Mai ganga ya buga sanda sau huɗu, kiɗa ya tashi.

Ganga tana fita, muryar mawaƙi tana fita, amma bes shiru. Ba wai babu sauti gaba ɗaya ba, akwai wani ɗan siririn ƙara kamar ana kaɗa roba, amma kaurin nan da ke dukan ƙirji babu shi. Mawaƙi ya waiwayo ya yi masa alama da hannu ya ƙara. Girgiza ya murɗa maɓallin ƙara na amfilifaya. Babu. Ya sake murɗawa. Babu. Gumi ya keto masa, ya kai maɓallin ƙarshe.

Fitilun amfilifaya suka koma ja, suna ƙiftawa. Fankar cikinsa ta hau kuka. Tsakiyar waƙa ta biyu sai ji aka yi ƙat, injin ya kashe kansa saboda zafi. Mai ganga ya yi ta bugu shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya tsaya. Wani daga mutanen wata ƙungiyar ya ɗaga murya ya ce akwatunan ado ne ashe, zaure ya ɗauki dariya.

Manaja ya dubi agogo ya ce minti biyar ya ba su, in ba su tashi ba ƙungiya ta biyar ta hau. Girgiza ya durƙusa bayan injin yana taɓa nan yana taɓa can, bai ma san abin da yake nema ba. Mawaƙi ya zo ya tsaya a kansa. Shekara biyar ɗinsu ce ke zubewa a gabansu.

Sai ga Yaya tana ratso kujeru da sauri. Wani mai tsaron dandamali ya tare ta, ta ce masa mai gyara ce, ta wuce. Ba ta ko kalli Girgiza ba. Ta kashe injin daga soket, ta miƙa wa mai ganga murfin kwali ta ce ya yi ta yi masa fifita. Ga babban mutum da gemunsa ya duƙa yana yi wa inji fifita iya ƙarfinsa, sai ka ce mai hura gawayi!

Ta zare wayoyin akwatunan biyu daga bayan injin, ta fito da batirin nan. Ta ce wa Girgiza ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa ta ragar akwatin farko, ya sa ido kan baƙar takardar sifikar, ya faɗa mata inda ta motsa. Ta ɗora jan sili a kan batirin, baƙi a ɗaya gefen. Aka ji ɗan ƙara, tuf.

Ya ce, "Ta fito."

Ta ce ya koma akwati na biyu. Ta ɗora wayarsa daidai yadda ta ɗora ta farko. Tuf.

Girgiza ya ce, da wata 'yar ƙaramar murya, "Ta shiga."

Kun gane abin da ya faru? Takardar sifika iska take turawa gaba ta ja baya, shi ne sautin da muke ji. A mahaɗin da Girgiza ya naɗe da tef, ya juya silin biyu. Duk lokacin da akwati ɗaya ya tura iska, ɗayan sai ya janye ta, kamar mutum biyu na tura mota ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Kowanne shi kaɗai lafiyarsa ƙalau, shi ya sa a ɗaki bai ji komai ba. Da aka haɗa su sai suka cinye kaurin juna, shi kuma ya yi ta ƙara wa inji wuta har ya suma.

Yaya ta juya silin biyu a bayan injin, ta ɗaure, ta taɓa murfinsa da bayan hannu ta ji ya huce. Ta mayar da maɓallin ƙara ƙasa da rabi, ta kunna. Fitila ta kawo kore. Manaja ya ɗaga yatsa ɗaya, saura minti guda.

Ta ce, "Ja wayarka ta ƙasa, Auta. Kar ka taɓa min maɓallin nan."

Ya ja.

Kai jama'a! Dandamali ya amsa, kujeru suka amsa, kofin ruwan da ke kan teburin manaja ya hau rawa yana tafiya da kansa har sai da ya cafke shi. Zaure ya kaure da ihu. Mai ganga ya yar da kwali ya haye kujerarsa, mawaƙi ya fizgi makirufo, suka shiga waƙa ta uku kamar za su tsaga rufin. Har wanda ya ce akwatunan ado ne, an gan shi tsaye yana rawa. Girgiza yana kiɗa hawaye na zubo masa, bai ko share ba.

Bayan ƙungiya ta shida ta sauka, manaja ya hau ya ce su Girgiza ne suka ci. Amma ya ce da sharaɗi ɗaya. Zauren yana da sifika sun fi ashirin, kuma yana son mai gyaran nan ta layinsu ta riƙa duba masa su. Ya tambayi Girgiza ko zai iya nemo masa ita.

Ita kuwa tana can bakin ƙofa, har ta kama hanyar komawa shago. Girgiza ya karɓi makirufo daga hannun manaja.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu ƙarya na yi maka. Ba wata mai gyara ba ce. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raine ni. Yaya, don Allah ki yafe min."

Kowa ya juya yana kallon ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta dawo a hankali har gaban dandamali, ta kama hannunsa ta danƙa masa batirin nan, ta ce ya riƙe, tana da wani a shago. Ta ƙara da cewa gobe da safe ya kawo mata wayar nan ta yi mata haɗin kirki, kuma ya sauke takalmansa daga kan akwatinta.

Darasi: Sabon kaya ba ya maye gurbin sanin aiki, kuma wanda ya raine ka ba abin jin kunya ba ne, ko da rigarsa duk tabo ce. In wanda ya riga ka sanin aiki ya ce ka ba shi minti biyu, ka ba shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, wataƙila akwai mai yayar da ya kamata ya kira yau.