Saurayin da Ya Auna Akwatin Wuta da Hannu

Akwai wani saurayi da ya daɗe a birni, ya komo gidan ubansa da jaka guda da zuciya marar zama wuri ɗaya. Mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, jana'izar ma bai samu ba. A ɗakinsa ya tarar da tsohuwar kwamfutar da yake buga gem, wato wasan kwamfuta, da ita, an lulluɓe ta da zane.

Yayarsa Keziya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, “Muryar Mama tana cikin abin nan. Na ɗauke ta a waya tana waƙoƙin zumuntar mata ta coci, na juye a nan, daga baya aka sace wayar. Babu ita a ko'ina sai nan. A ta ƙarshe ba waƙa ta yi ba, addu'a ta yi maka, da sunanka.”

Ya kau da kai, ya ce, “Zan ji, Yaya. Ba yau ba.”

“To juye mini a sabuwar wayata.”

“Bari in gyara ta tukuna. Yanzu ko gem ɗin ƙwallo ba ta iya ɗauka, 'yan wasan suna tafiya kamar masu ciwon baya.”

“Kai da ba ka da aiki, ƙwallon ƙarya ce damuwarka?”

Gaskiyar ita ce tsoron muryar yake yi, gem kuwa ba ya tambayar mutum inda yake ranar da aka binne uwarsa.

Ya ɗauki ɗan abin da ya rage masa ya tafi kasuwa. Abu biyu kwamfutar take bukata. Na ɗaya katin hoto, mai zana duk abin da ido ke gani a allo. Na biyu akwatin wuta, wanda ke zaune can ƙasa cikin duhu, yana karɓar lantarki daga bango yana raba wa kowane sashe gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Kuɗin da ke hannunsa za su kai matsakaicin kati da akwati na kirki. Amma ya ga wani babban kati mai fanka uku, mai fitilu ja da shuɗi, ransa ya biya. Ya saye shi, aljihu ya kusa yin fayau.

Mai shagon ya ce, “Maigida, wannan katin akwai shan wuta fa.”

“Na sani. Ba ni akwati mai sauƙin kuɗi.”

Shi dai saurayin nan ba baƙon harkar ba ne. A birni ya koyi cewa akwatin wuta na gaskiya nauyi gare shi, saboda tagulla da ƙarfen da ke ciki, na jabu kuwa sakayau yake kamar gwangwani. Sai ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ci karo da wani marar suna, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba, amma da ya ɗaga shi sai da hannunsa ya yi ƙasa. Zuciyarsa ta ce masa, yaya za a yi tagulla mai yawa haka ta yi wannan araha? Ya sake ɗaga shi, ya ji nauyin, ya rufe bakin zuciyar.

Ya dawo gida da rana tsaka, ya kwance kwamfutar, ya haɗa komai. Abokinsa Habila ya zo kallo.

Habila ya leƙa ciki ya ce, “Lallai birni ya karɓe ka. Wannan kati ne ko jirgin sama?”

Keziya ta taso daga wanki, hannunta duk kumfa, ta ce, “Auta, kafin ka fara wasan, juye mini Mama.”

“Wasa ɗaya, Yaya. In gwada kawai.”

Ya kunna. Fitilu suka kama, fankoki suka juya, ciyawar fili ta fito shar kamar a taɓa. Suka fara bugawa, Habila yana tsokanarsa wai hannunsa ya tsufa. Katin ya shiga jan wuta da ƙarfinsa. Sai aka ji tas, kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Allon ya yi baƙi. Hayaƙi ya tuɗo ta bayan kwamfutar da warin ƙonanniyar roba. Habila ya fizge wayar daga bango.

Saurayin ya durƙusa ya buɗe murfin. Katin ya ƙone. Bai ko kalle shi ba, ya zaro faifan ajiya, inda muryar take. Bayansa ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, yana da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

Keziya ta ce a hankali, “Mama fa?”

Ya kasa ɗaga ido. Ya jawo akwatin wutar ya kwance shi da sukudireba. A ciki ya ga 'yan siraran wayoyi, da wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. A gefe guda kuma ga dunƙulen siminti, an manne shi da gam.

Habila ya taɓa shi da yatsa, ya ce, “Siminti ne.”

Keziya ta dubi simintin, ta dubi ƙanenta, ta goge kumfar hannunta a zane, ta fita. Saurayin ya zaga masu gyara har garuruwan maƙwabta, kowa ya juya faifan ya girgiza kai.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Katin hoto shi ne abin da mutane ke gani a jikinmu: suturar Lahadi, muryar waƙa a ƙungiyar kwaya, addu'ar da muke ja a gaban taro. Akwatin wuta shi ne zamanmu da Allah a ɓoye, inda ba mai tafa mana, daga nan kuma kowane sashe na rayuwa yake samun ƙarfi. Ƙarfinmu da lokacinmu kaɗan ne, kamar kuɗin saurayin nan, dole mu zaɓi inda za mu zuba su. Da yawanmu mun zuba a fitilu.

Simintin kuwa shi ne ibada mai nauyi a hannu, babu rai a ciki. Kada ku ce an cuce shi kawai. Ya san araha irin wannan ba ta gaskiya ba ce, ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali, ya kuwa samu. Haka muke ƙirga zuwanmu sujada mu ce ai da nauyi, alhali mun san rabonmu da tuba ya daɗe. Muddin ba a ja wuta ba, jabu yana aiki lafiya. Ranar gwaji ce take fasa shi, kuma ba ya ƙonewa shi kaɗai, yana tafiya da abin da wasu suka ba mu amana.

In akwai muryar da kake gudu, ta Ubangiji ko ta wanda ya ƙaunace ka, zauna ka ji ta yau. Saurayin nan yana nan da ransa, ya san uwarsa ta roƙa masa wani abu a wurin Allah da numfashinta na ƙarshe, ya kuwa kasa tambayar yayarsa ko mene ne.