Wasiƙa Biyu daga Asibiti Ɗaya

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu kafin ya yi ritaya. Tun suna saurayi da budurwa matarsa take ce masa Masinja, sunan ya bi shi har bakin jikoki.

Wata huɗu da suka wuce, da hantsi, matar tana shanya kaya sai ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Ta rayu, amma hannun ya ƙi ɗaguwa, ƙafar sai ja, magana kuma sai mutum ya kasa kunne sosai.

Likita ya ce gashi da motsa jiki ne za su taimaka, kuma gara a fara da wuri kafin gaɓoɓin su sandare. Sai dai masu jira suna da yawa. Aka sa sunanta a layi, aka ce idan gurbi ya samu za a turo saƙo ta imel. Wanda bai tabbatar cikin kwana uku ba, a ba na bayansa, shi ya koma ƙarshen layi.

Autarsu, wadda ke aiki a wani gari, ita ta buɗe masa imel a waya kafin ta koma. Ta kuma sa shi a wani zaure na intanet na masu jinyar irin wannan ciwo, inda mutum zai tura saƙo ɗaya ya isa ga kowa. Wata nas mai ritaya ce ke kula da zauren, kowa Sista yake ce mata.

Zauren ya yi masa rana. A nan ya koyi yadda ake juya majiyyaci kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake ba da ruwa da cokali kada a ƙware.

Sai wata safiya wani saƙo ya shigo daga wanda bai sani ba.

"Assalamu alaikum, ya kai mai haƙuri. Yaya mai jiki? Muna da man shafawa da ke tada wanda ya shanye cikin kwana bakwai."

Masinja ba yaro ba ne, ya san ƙarya ce. Amma an yi masa sallama. Shi kuwa bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Ya kuma ga tsofaffi da yawa a bakin ƙofa suna jiran amsar wasiƙar da ba ta zo ba, ya san yadda fuskarsu take.

Ya sa tabarau, ya rubuta da yatsa ɗaya:

"Wa alaikumus salam. Na gode da kulawa. Ba ma buƙata. Hannunta na hagu ne, ko kofi ba ya iya riƙewa, kuma muna jiran asibiti su kira mu gashi. Allah ya ba da kasuwa."

Washegari saƙo uku suka zo. Bayan mako guda sun kai ashirin a rana. Mai ƙwayar wanke jijiya, mai zoben maganaɗisu, mai likita daga ƙasar waje da zai duba ta ta waya. Kusan kowanne da sallamarsa.

Da ya ba ta maganin safe, sai ya zauna a kujerar da ke gefen gadonta yana amsa su bi da bi, na farko da farko, kamar yadda yake jera wasiƙu a jaka.

"Masinja," in ji matar, harshenta yana nauyi. "Ka koma aiki ne?"

"Ke dai bari, Hajiya. Aikin da ba albashi."

"Ba kuma... ritaya."

A zauren ma kuka ya tashi, ashe kowa yana samun irin saƙonnin. Shawara ta yi ta zuwa, kowace tana karo da 'yar'uwarta.

Wani mai walda da ke jinyar mahaifinsa ya ce a ƙasan kowane saƙo akwai inda aka rubuta "cire sunana", a latsa nan a huta. Wata malamar makaranta ta ce kada wanda ya kuskura ya latsa, tarkon ke nan. Wani ya ce kowa ya sake sabon imel. Masinja ya ce a ransa, to asibiti wannan imel ɗin suka sani. Sista ta rufe da cewa kada a buɗe saƙon wanda ba a sani ba.

Ya daɗe yana kallon maganar Sista. Shi ai asibitin ma bai taɓa turo masa saƙo ba, bai san kamanninsa ba.

Ya rubuta a zauren: "To sallamar fa, ya za a yi da ita?" Mutum biyu suka turo fuskar dariya. Sun ɗauka barkwanci yake yi.

Ya kira Auta.

"Baba, amsa su kake yi? Innalillahi! Ba mutum ba ne fa, na'ura ce."

"Na'ura ce ta san a ce yaya mai jiki?"

"An koya mata ne. Don Allah ka goge su duka."

"Har na asibiti?"

"A'a, ban da na asibiti."

"To wanne ne na asibiti?"

Auta ta ce ya bari, ranar Asabar tana zuwa ta duba masa.

Asabar ɗin ba ta zo ba tukuna, ranar Litinin wani saƙo ya shigo, layi uku kacal. Lambar majiyyaci, sai "An samu gurbi a sashen gashi. A tabbatar a teburin rajista kafin ƙarfe biyu na ranar Laraba." A ƙasa kuma: "Kada a amsa wannan saƙo."

Ba sallama, ba suna, ba ko sannu.

"Wace irin wasiƙa ce ke hana a amsa ta?" in ji Masinja. Ya tuna Auta ta ce ya goge. Ya ga idan akwai wanda ya cancanci gogewa, to wannan marar tarbiyyar ne. Ya jefa shi kwandon shara na wayar, har ya ji daɗi, yau dai ya bi shawara.

Ranar Laraba da safe wani saƙon ya shigo. Da tambarin asibiti a sama, mai launi.

"Assalamu alaikum, Baba. Yaya mai jiki? Muna farin cikin sanar da kai cewa gurbin gashi ya samu. In Allah ya so, hannun hagun nan da ba ya iya riƙe kofi zai dawo. Latsa nan ka sa lambar katin bankinka don a riƙe maka gurbin kafin azahar."

Idonsa ya ciko. Ya karanta mata da ƙarfi, har sau biyu. Ya tashi ya zaro katin daga aljihun rigar da ke rataye a bayan ƙofa, ya dawo ya latsa. Wani fom ya buɗe. Ya fara sa lambobin, huɗu na farko, huɗu na biyu.

"Daga ina?" in ji matar.

"Daga asibiti mana, Hajiya. Ba ki ji ba?"

"Ka duba... hatimi?"

Yatsansa ya tsaya a sama.

Shekara arba'in tana ganinsa: ko wasiƙar ɗan'uwansa ce, ba ya buɗewa sai ya juya ambulan ya duba hatimin gidan wayar da ta fito. Yakan ce abin da ke ciki kowa na iya rubutawa.

"Wannan ba ta da ambulan," ya ce.

Ta ɗaga hannun dama ta nuna wayar, ba ta sauke ba.

Ya koma kan saƙon, ya taɓa sunan wanda ya aiko. Adireshi ya fito a ƙasa, dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe, babu abin da ya yi kama da sunan asibitin. Ya yi ta lalube har ya gano kwandon sharar, ya ciro na ranar Litinin. Adireshinsa gajere ne, da sunan asibitin a ciki. Lambar majiyyacin kuma ita ce a jikin katin asibitinta.

Maimakon ya huta, sai kansa ya ƙara ɗaurewa. Mai ladabin ba shi da adireshin kirki, mai adireshin kirkin ba shi da ladabi. Ɗaya ya san lambarta, ɗaya ya san kofinta. Kuma wa ya ce ba a ƙirƙirar adireshi? A bakin aiki ya taɓa kama hatimin jabu da hannunsa.

Ya kira lambar da ke bayan katin asibitin. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya kira Auta, tana cikin taro. Ya dubi agogon bango: sha ɗaya da rabi.

A da, idan adireshi ya rikice masa, ba ya tsayawa a titi yana canki-canka. Zuwa yake yi ya ƙwanƙwasa ƙofar.

Ya kira ƙanwar matarsa, wadda ke layin bayansu, ta zo ta zauna da ita. Ya mayar da katin banki aljihun rigar, ya ɗauki na asibiti. Mota biyu ya hau. A teburin rajista ya tarar da mutum tara a gabansa. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ya kai gaba.

Mai rajistar matashiya ce, da alamun gajiya, idonta a kan kwamfuta.

"'Yata, sannu da aiki. Wasiƙa biyu kuka aiko min. Wacce ce taku?"

Ta karɓi wayar ta duba na Litinin. "Wannan namu ne." Ta buga lambar. "Baba, ina ka shiga? Saura minti arba'in a ba wani."

"Na zo. A rubuta mun karɓa."

Ta danna. "Gobe ƙarfe tara. A zo da ita da sutura mai sakin jiki."

Ya dafa teburin da hannu biyu, ya sauke numfashi. "To ɗayar fa?"

Ta karanta, ta taɓe baki. "Ba namu ba ne. Mu ba ma neman katin banki ta imel. Ka sa lambar?"

"Rabi na sa. Ban tura ba."

"Allah ya taimake ka."

"Amma 'yata, naku ko sallama babu."

"Baba, kwamfuta ce ke turawa. Ba ta iya gaisuwa ba."

"Tasu ta iya."

"Ai su abin da suke ci da shi ke nan."

Na bayansa ya fara gyaran murya, amma Masinja bai matsa ba. "Abu ɗaya ya rage. Ta yaya suka san maganar kofi? Ko a zaurenmu ban faɗa ba."

"To wa ka faɗa wa?"

Ya buɗe baki zai ce babu kowa, sai ya rufe. Ya karɓi wayarsa, ya zauna a kan wani benci, ya buɗe saƙonnin da ya aika. Ga shi nan a na farko: hannunta na hagu, ko kofi ba ya iya riƙewa, muna jiran asibiti. Ga shi a na biyu. Ga shi a na goma sha bakwai. Da yatsansa ɗaya ya rubuta musu duk abin da za su zo masa da shi.

Da ya koma gida ya rubuta wa zauren abin da ya faru, bai rage komai ba, har da amsoshinsa. Malamar makarantar ta ce ita ma an turo mata irinsa. Mai walda ya ce shi ya riga ya latsa, yanzu ya nufi banki a rufe katin. Sista ta bincika ta gano cewa shafin da ke ɗauke da adireshin 'yan zauren a buɗe yake, kowa na iya gani. Ta rufe shi, ta ba kowa haƙuri.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ya gama shirya matar, ya zaunar da ita a keken guragu suna jiran mota. Wayar ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum, ya kai mai haƙuri. Yaya mai jiki?"

Ya tsaya da wayar a hannu. Ya san abin da ya kamata ya yi, amma yatsan ya ƙi tafiya. An dai yi masa sallama.

"Masinja," in ji matar. "Amsa... da baki."

Ya dube ta. Ya dubi wayar. Ya gyara tsayuwa, ya cire tabarau.

"Wa alaikumus salam," ya ce da ƙarfi. "Mai jiki da sauƙi."

Sannan ya goge.

Ta yi dariya da rabin bakinta har kafaɗarta ta dama tana rawa. A waje direba ya danna hon, Masinja ya saki birkin keken ya tura ta zuwa ƙofa.

Darasi: Mai jinya a buƙace yake, masu damfara kuma sun san haka. Saƙon da ba ka nema ba, kada ka amsa shi ko da da ladabi ya zo, kada ka latsa abin da ke cikinsa, kada ka ba shi labarin majiyyacinka. Idan aka ce daga asibiti ne kuma kana shakka, ka je ko ka kira lambar da ka riga ka sani. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani, musamman iyayenmu da ba sa iya ƙyale gaisuwa.